Babbar Waya Mai Faɗin Allo a Damagaram: Sabuwa, Ta Hannu, ko Matsakaiciya?

Mutumin da ya tara kuɗi domin canza salula, ya kuma sa ransa ga irin manyan wayoyin nan masu faɗin allo, yakan iske kansa a gaban hanyoyi huɗu. Ko ya sayi sabuwar Samsung Galaxy S Ultra, ko sabuwar iPhone Pro Max, ko ya nemi ɗayansu ta hannu wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu a wata ƙasa kafin ta iso mana, ko kuma ya tsaya ga matsakaiciyar waya irin Galaxy A, Tecno Camon, Infinix Note ko Redmi Note. Tazarar kuɗin da ke tsakanin ta farko da ta ƙarshe ta isa jarin ƙaramin shago, don haka bai kamata a yanke shawara a gaban tebur ɗin mai sayarwa ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, faɗin allo shi kaɗai ya daina zama abin da ake biyan maƙudan kuɗi dominsa. Allon Galaxy S24 Ultra inci 6.8 ne, na Infinix Note 40 Pro kuwa inci 6.78, kuma in an jera su ido ba ya raba girmansu. Abin da ake biya a babbar waya shi ne ingancin allon, da kyamara, da ƙarfin injin da ke ciki, da yawan shekarun da kamfani zai ci gaba da kula da ita. Waɗannan duka gaskiya ne, ba yaudarar talla ba. Tambayar ita ce nawa daga cikinsu ne ke tsira idan wayar ta shigo garin da zafinsa ke wuce digiri 40, ƙura ke lulluɓe shi lokacin hunturu, kuran kuma ke zuwa yana tafiya.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko kuɗi ne, kuma kuɗin waya ba ya ƙarewa ranar da aka saye ta. Galaxy S24 Ultra mai gigabait 256 ta fito a Faransa a farkon 2024 kan yuro 1,469, iPhone 16 Pro Max kuma ta fito a watan Satumba na 2024 kan yuro 1,479. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, lissafin yana da sauƙi: kowace daga cikinsu ta haura sefa 960,000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne, wato kuɗin wayar ya kusa albashin wata 23 na ƙaramin ma'aikaci. Farashin da ake samu a kasuwar Dole ko wajen ƴan kasuwar da ke kawo kaya daga Dubai da Kano yana sauka bayan watanni, yana kuma motsi tare da darajar naira, amma wannan shi ne tushen da ake lissafi daga gare shi. A kan wannan sai a ɗora kuɗin kan caja, domin Apple ya daina sa shi cikin kwali tun 2020, Samsung ma ya bi sahu a manyan wayoyinsa tun 2021, sai kuɗin riga da gilashin kariya, da kuɗin gyara, sannan a cire abin da za a samu ranar sayar da ita.

Na biyu juriya ce, kuma a nan ne garinmu yake da nasa sharuɗɗan. Kamfanonin biyu suna ba da shawarar a yi amfani da wayoyinsu a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A watannin Afrilu da Mayu inuwar Damagaram ma takan wuce haka da rana. Idan waya ta yi zafi, da kanta take rage hasken allo, ta rage saurin injinta, wani lokaci ta dakatar da caji ko ɗaukar bidiyo har sai ta huce. Abin da ya fi wannan muni ba a ganinsa nan take: zafi yana cin batirin litiyum a hankali, kuma batirin da ake cajinsa yana da zafi, ko ake barinsa a cike cikin mota a rana, yana tsufa kafin lokacinsa. Wannan bai bar mai tsada ba, bai bar mai araha ba. Juriya ta haɗa da ƙura da ruwa, da faɗuwa, da kuma shekarun sabunta manhaja, domin wayar da aka daina aiko wa gyaran tsaro tana zama ƙofa a buɗe ga mai ajiye kuɗinsa a Nita, Amana ko Airtel Money.

Na uku sauƙin zama da ita: nauyi, shiga aljihu, ɗaukar layi biyu, karɓar fayil daga wayar abokin aiki, da jure yini guda ba tare da caji ba. Na huɗu haɗari: sata, jabu, wayar da ke kulle da asusun wani, da rashin wanda za a koma wa idan ta lalace.

Akwai abin da ba na sa shi cikin ma'auni, shi ne 5G. Manyan wayoyin duka suna da shi, amma rezon da mai Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom yake aiki da shi yau da kullum bai wuce 4G ba a cikin gari, wanda ke komawa 3G ko ƙasa da haka da zarar an nausa ƙauyuka. Saurin intanet a nan rezo ne ke yanke shi, ba tsadar waya ba.

Sabuwar Galaxy S Ultra

Allon wannan waya shi ne babban abin da ta fi saura da shi a wurinmu, kuma dalilin ba girma ba ne. S24 Ultra tana iya kai haske har nit 2,600 (nit ma'aunin hasken allo ne), sannan an sa mata gilashin Gorilla Armor wanda ke rage ƙyallin da allo ke mayarwa. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da tsakar rana yana kare allo da tafin hannu domin ya karanta lambar da aka turo masa ya san darajar wannan. Sai dai hasken nan mai ƙarfi ba ya daɗewa idan wayar ta ɗauki zafi, don haka amfaninsa ya fi fitowa a gajeren dubawa fiye da doguwar kallo a rana. S25 Ultra da ta biyo baya a 2025 ta ƙara allon zuwa inci 6.9, ta kuma rage nauyi daga giram 232 zuwa 218.

Kyamarorinta huɗu ne a baya, babbar cikinsu mai megafiksel 200. Wannan lamba ita ce masu sayarwa suka fi ambata, amma ita ce mafi ƙarancin muhimmanci. Wayar da kanta tana haɗe ɗigogin ta fitar da hoto mai megafiksel 12 in ba a canza mata saiti ba, kuma WhatsApp yana matse hoton kafin ya isa ga wanda aka tura wa. Redmi Note 13 Pro ma tana da kyamara mai megafiksel 200 a kan ɗan ƙaramin kaso na kuɗin. Ainihin fifikon Ultra yana ga madubanta biyu na jawo nesa, mai ninki uku da mai ninki biyar, da kuma yadda take ɗaukar hoto cikin duhu. Mai ɗaukar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wanda ba zai iya kusantar dawakai ba, ko mai ɗaukar taron biki da dare a ƙarƙashin fitila ɗaya, shi ne zai ga bambancin da idonsa. Matsakaiciyar waya tana jawo hoto ne ta hanyar yanke shi da faɗaɗa shi, shi ya sa fuskoki ke dagulewa.

Alƙalaminta, S Pen, yana da amfani ga wanda ke sa hannu a takardu, ko yake gyara zane, ko yake rubutun ajami da Larabci da hannu. Wanda ba ya ɗaya daga cikin waɗannan zai zare shi a makon farko, ya mayar, ya manta da shi.

Ta fuskar shekaru, Samsung ya yi alkawarin sabunta manhaja da tsaro na shekara bakwai tun daga jerin S24. Wannan alkawari ne mai nauyi, domin yana canza lissafin kuɗi. Wayar sefa 960,000 da aka riƙe shekara shida tana cin sefa 160,000 a shekara. Amma fa sai ta rayu shekara shidan, kuma batirinta mai mAh 5,000 (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) ba zai kai haka a zafinmu ba tare da an canza shi aƙalla sau ɗaya ba. Tana da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin 100 domin tsawaita ran batir, sai dai wanda bai san lokacin da kuran zai dawo ba yana da wuya ya yarda ya bar kashi 20 a banza.

Rauninta a bayyane yake. Tsawonta ya haura santimita 16, faɗinta ya kusa takwas, ba ta aiki da hannu ɗaya, kuma a aljihun gefe na riga nauyinta yana sa ta zame idan mutum ya hau kabu-kabu. Ba ta da gurbin katin memori, ba ta da ramin abin sauraro mai waya. Shaidar IP68 da take da ita tana nufin ƙura ba ta shiga, tana kuma jure ruwa mai zurfin mita 1.5 na minti 30, amma wannan kariya ta dogara ne ga mannin da aka rufe ta da shi a masana'anta. Ranar da mai gyara ya buɗe bayanta, da wuya ta koma yadda take. Allonta na asali kuwa ba kayan da ake samu a kowane teburin gyara ba ne. Sau da yawa sai an aika Yamai ko kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma kuɗinsa shi kaɗai yana iya sayen sabuwar matsakaiciyar waya.

Game da fasahar basirar na'ura da ake tallata ta da ita, kamar fassarar kira kai tsaye, Faransanci da Larabci suna cikin harsunan da take ɗauka, Hausa ba ta ciki. Google Translate da ke da Hausa kuwa yana aiki a kowace waya.

Sabuwar iPhone Pro Max

iPhone 16 Pro Max tana da allo inci 6.9, nauyin giram 227, da haske mai kai nit 2,000 a waje. A ɗaukar hoto ita da Ultra kusan kunnen doki suke, kowace da inda ta fi. A bidiyo kuwa, a ganina, iPhone ce gaba: hoton ba ya rawa, launi ba ya tsalle idan an juya daga haske zuwa inuwa, kuma abin da aka ɗora a TikTok ko Instagram yana fita da tsabta. Ga wanda bidiyo ne sana'arsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya dai tuna cewa minti ɗaya na bidiyon 4K mai santsi yana cin kusan megabait 400, babu katin memori, kuma iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, gigabait 5 kawai yake bayarwa kyauta, alhali asusun Google yana ba da 15.

Fifikonta na biyu shi ne riƙe daraja. iPhone ta shekara biyu tana samun mai saye da sauri, kan kuɗin da ya fi na takwararta ta Android, kuma wannan yana rage ainihin abin da mai ita ya kashe. Apple ba ya barin tsofaffin wayoyinsa da wuri: iPhone XR ta 2018 ta samu sabuwar manhajar iOS 18 a 2024. Tun daga iPhone 15 kuma ramin cajinta ya koma USB-C, don haka igiyar cajin maƙwabci tana yi mata, abin da ke da amfani ƙwarai ranar da aka ɗauke kuran aka taru a shagon mai sola.

Matsalarta ta farko a wurinmu layi ce. Yawancin mutane a nan suna riƙe layi biyu, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga ta Magarya ko Matamai zuwa Kano kuma yana ƙara na Najeriya. iPhone ɗin da aka yi domin kasuwar Amurka, tun daga iPhone 14, ba ta da gurbin sim ko ɗaya, sai layin da ake sa wa ta manhaja, wato eSIM. Ta Turai tana da gurbi ɗaya tare da eSIM. Har zuwa iPhone 16, wadda aka yi domin Sin da Hong Kong ita ce mai gurbi biyu. Wanda bai tambayi ƙasar da wayar ta fito ba, bai kuma tabbatar wa kansa cewa kamfanin layinsa zai ba shi eSIM ba, yana iya biyan kusan miliyan ya koma gida da wayar da ba ta kira.

Matsala ta biyu gyara ce. Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk Afirka, kuma ko a Amurka canza allon Pro Max ba tare da inshora ba dala 379 ne, wato sama da jika 200. Allon da ba na asali ba yana aiki, amma haskensa da launinsa ba sa kai na farko, wayar kuma tana rubuta a cikin saitinta cewa an sa mata kayan da ba ta gane ba, abin da ke karya farashinta ranar sayarwa. Ta uku ita ce zama cikin jama'ar da kusan kowa Android yake riƙe: musayar bidiyo da waƙoƙi da karatuttukan malamai tsakanin wayoyi, wanda mutane suka saba yi ba tare da intanet ba, yana zama da ɗan wahala. Wanda ya manta kalmar sirrin asusunsa na Apple, ba shi kuma da lambar da ya buɗe shi da ita, yana iya rasa wayar gaba ɗaya. Wannan tsauri shi ne ke sa ɓarawo ya kasa amfana da ita, shi ne kuma ke kama mai ita idan ya yi sakaci.

Babbar waya ta hannu

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankali, kuma ita ce ta fi buƙatar ido. Galaxy S23 Ultra ta 2023 tana da allo inci 6.8, batir mAh 5,000, kyamara megafiksel 200, har da madubin jawo nesa mai ninki goma wanda waɗanda suka biyo bayanta ba su da shi. iPhone 15 Pro Max tana da USB-C da jikin titaniyom mai giram 221. A aikin yau da kullum babu wanda zai ce waɗannan sun tsufa, kuma kuɗinsu ya sauka sosai daga na ranar fitowarsu. Mai saye yana samun mafi yawan alherin babbar waya, wani kuma ya riga ya ɗauki asarar faɗuwar farashinta.

Abin da yake ragewa shekaru ne. S23 Ultra alkawarin sabuntawa huɗu na Android da shekara biyar na tsaro aka yi mata, ana ƙirgawa daga 2023, ba daga ranar da ta shigo hannunka ba. Batirinta kuma ya riga ya ci wani rabo na ransa. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninta an yi shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000. Waya mai lafiyar batir kusa da 80 tana gab da neman sabo, sai a sa kuɗinsa cikin ciniki.

Haɗarin ya kasu iri-iri, kuma kusan duka ana iya gano su kafin a biya, in mai saye ya ƙi gaggawa. A danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a gwada ta da wadda ke cikin saiti da wadda ke jikin kwali in akwai. A sa layin mai saye a ciki a yi kira a buɗe intanet, domin wasu wayoyin a ɗaure suke da kamfanin sadarwa na ƙasar da suka fito, wasu ma an karɓe su bashi ba a gama biya ba, ana iya toshe su daga baya. A sa mai sayarwa ya goge wayar gaba ɗaya a gaban ido, a sake kunna ta; idan ta nemi asusun iCloud ko na Google na wani, a ajiye ta ko da an rantse za a buɗe. A iPhone a duba lafiyar batir da tarihin kayan da aka canza, dukansu suna cikin saiti. A Samsung a danna *#0*# domin gwada launukan allo ɗaya bayan ɗaya, a nemi tabon ƙuna ko siririn layi kore, a gwada taɓawa a kowane lungu. A gwada buɗewa da fuska ko da yatsa, domin su ne suka fi mutuwa bayan gyara marar kyau.

Akwai kuma jabu tsantsa, masu kwali da suna da siffar Ultra ko Pro Max, amma cikinsu ƙaramin inji ne da aka sa ya riƙa nuna lambobin ƙarya. Kyamara ce ke tona su: a jawo nesa a ga ko hoton ya tsaya da tsabta, a kuma lura ko duk madubin da ke baya yana aiki ko ado ne. Farashin da ya yi sauƙi fiye da hankali shi kansa shaida ne. Wayar sata kuwa, ban da haramcinta, tana iya kai mai saye gaban hukuma, don haka takardar saye mai ɗauke da IMEI da sunan shago, da yarjejeniyar kwanakin gwaji, ba abin da za a ji kunyar nema ba ne. Shagon da ke da mazauni, wanda za a iya dawowa a same shi, ya cancanci ƙarin kuɗi kaɗan a kan wanda aka haɗu da shi a Facebook.

Matsakaiciya mai faɗin allo

Galaxy A55 ta 2024 tana da allo inci 6.6, batir mAh 5,000 daidai da na Ultra, kariyar ƙura da ruwa ta IP67, gurbin katin memori, da alkawarin shekara biyar na tsaro, kuma ta fito a kan kimanin yuro 500, wato kusan sulusin kuɗin Ultra. A56 ta 2025 ta ƙara alkawarin zuwa shekara shida, amma ta cire gurbin memori. Idan aka riƙe A55 shekara huɗu, tana cin abin da bai wuce sefa 85,000 a shekara ba.

Tecno da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na Sin yake yi tare da itel, sun fi wannan araha, kuma an gina su ne da kasuwar Afirka a zuciya: layi biyu, caja a cikin kwali, manyan batura masu mAh 6,000 ko fiye a jerin Pova, sannan da yawansu suna da rediyon FM da ke kama tashoshin gari ba tare da cin kuɗin intanet ba. Babbar fa'idarsu ita ce kusan kowane mai gyara ya san cikinsu, kayansu kuma suna kusa. Allon da ya fashe da safe yana iya komawa daidai kafin la'asar.

Inda suka gaza shi ne hoto cikin duhu, jawo nesa, santsin bidiyo, hasken allo a rana tsaka, da gajeren lokacin sabunta manhaja, wanda a yawancin samfuran Tecno da Infinix bai wuce shekara biyu zuwa uku ba. Wasunsu suna zuwa da manhajoji da tallace-tallacen da mai waya bai nema ba. Bayan shekara biyu sukan fara nauyi, kuma darajarsu a kasuwar hannu tana faɗuwa da sauri.

| Ma'auni | Sabuwar S Ultra | Sabuwar Pro Max | Babba ta hannu | Matsakaiciya |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Kusan miliyan lokacin fitowa | Kusan miliyan lokacin fitowa | Ya sauka sosai, gwargwadon lafiyarta | Sulusi ko ƙasa da haka |
| Allo a rana | Mafi kyau | Mai kyau ƙwarai | Mai kyau in na asali ne | Daidai gwargwado |
| Kyamara | Gaba a jawo nesa | Gaba a bidiyo | Kusa da sabuwa | Tana gazawa da dare |
| Sabunta manhaja | Shekara 7 | Shekara 6 ko fiye bisa al'ada | Abin da ya rage | Shekara 2 zuwa 6 |
| Layi biyu | Akwai a yawancin samfura | Ya danganta da ƙasar da ta fito | Sai an duba | Akwai |
| Gyara a gari | Mai tsada, sai an jira kaya | Mai tsada, sai an jira kaya | Mai tsada | Mai sauƙi |
| Daraja ranar sayarwa | Matsakaiciya | Mafi girma | Ba ta faɗuwa da yawa kuma | Ƙarama |
| Babban haɗari | Faɗuwa da sata | Kullewar asusu da rashin gurbin sim | Jabu, kulle, gajiyayyen batir | Saurin tsufa |

Wa ya dace da wace

Mai ɗaukar hoton biki da suna, ɗan jarida, da wanda ke sayar da kaya ta hanyar bidiyo suna da hujjar sayen sabuwar babbar waya, domin a wurinsu kayan aiki ce da ke mayar da kuɗinta. Idan aikin ya fi karkata ga bidiyo, kuma ana son a sayar a sabunta bayan shekara biyu, Pro Max ce, da sharaɗin a tabbatar da zancen gurbin sim. Idan aikin hoto ne daga nesa, ko takardu da sa hannu, ko yawan aiki a fili cikin rana, kuma ana da niyyar riƙe ta shekaru, Ultra ta fi dacewa. A kowane hali, wanda kuɗinsa ya tsaya daidai kan farashin wayar, ba shi da rarar da zai canza allo idan ta faɗi, bai kai lokacin sayenta ba tukuna, domin fashewa ɗaya za ta bar shi da waya a cikin akwati.

Ɗan kasuwar da ke tsakanin Damagaram da Kano ko Agadas, wanda buƙatarsa layi biyu ce, da WhatsApp, da turawa da karɓar kuɗi, da batirin da zai kai shi masauki, zai fi samun natsuwa da Galaxy A ko Tecno mai babban batir, ya ƙara da pawabank mai kyau, sauran kuɗin kuma ya bar su cikin jari. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke son faɗin allo domin karanta darussa shi ma nan ya dace, kuma in karatun ne ainihin damuwarsa, matsakaiciyar waya tare da kwamfuta ta hannu za su yi masa aikin da Ultra ba za ta yi ba, a kan kuɗin da bai kai nata ba.

Ma'aikacin da ke son kyamara da allo na gaske, amma albashinsa ba zai ɗauki sabuwa ba, shi ne mutumin babbar waya ta hannu, in yana da shagon da ya amince da shi, ya kuma yarda ya zauna ya yi duk gwajin da aka ambata kafin ya miƙa kuɗi. Ya zaɓi wadda ba ta wuce shekara biyu da fitowa ba, ya ware kuɗin sabon batir tun ranar ciniki. Wanda kuwa zai saya wa mahaifi ko mahaifiya domin idonsu ya huta da manyan haruffa, ya nemi matsakaiciya marar nauyi mai ƙarar lasifika, ya ƙara girman rubutu a cikin saiti, ya kuma rubuta kalmar sirrin asusun a takarda ya adana ta a gida.